Kawuna Bai Gano Maganin Ciwon Daji Ba

Bari in fara da gyara abin da aka buga a takardar jana'iza, tunda babu wanda ya iya gyarawa a coci. Kawuna ba likita ba ne. Ba farfesa ba ne. Bai gano maganin ciwon daji ba, kuma babu Baturen da ya sace masa komai. Ma'aikacin ɗakin bincike ne a wata jami'a nan Greensboro a Amurka, ya yi shekara ashirin da wani abu yana niƙa soson teku, yana jiƙawa, yana tacewa, yana gwadawa, sannan ya ɗauki biro ya rubuta cewa bai yi ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi tun ina shekara goma sha uku. Na san shi. Da ya ji abin da aka faɗa a kansa ranar nan, da ya ɗaga hannu ya nemi a ba shi izinin magana.

Coci ta cika har bakin ƙofa. Fasto ya ce "Dokta" sau goma sha ɗaya, ina layi na biyu ina ƙirgawa don kada in yi kuka. Wani dattijo ya tashi ya ce Kawu ya taɓa gaya masa a asirce cewa maganin ya kusa fitowa. Kawu fa, wanda ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya duba agogo sau biyu kafin ya amsa. A gidan makoki a McLeansville, motoci suka cika ciyawar gaban gida har suka shiga ta maƙwabci. Wata mata ta riƙe hannun Anti, matar Kawu, tana cewa, "Ki yi haƙuri, ai ya bar muku abin da za ku ci har jikoki." Anti ta kalle ta kawai. 'Ya'yansa biyu da aka haifa a nan, ana yi musu gaisuwa da Hausa suna amsawa da Turanci, su ma ba su musa ba, don ba su taɓa sanin takamaiman aikin ubansu ba. Sun dai san yakan dawo gida yana wari.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya a wunin nan. Alhaji mai kantin kayan miya, mutumin Nijar, yana zaune kan kujerar roba a bakin gareji, ya ce, "Bon, ni ban sani ba ko lokotoro ne, likita ke nan a bakinku. Abin da na sani, shekara da shekaru yana sayen daddawa wurina. Kullum sai ya shinshina ya gaya mini ta wane gari ce. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba."

Da yabon nan a coci ya tsaya, da ban rubuta komai ba. Mutane suna ƙara wa mamaci tsawo, ba yau aka fara ba. Amma an haska jana'izar ta waya har ƙauyenmu a Filato, kuma yayan Kawu, wanda muke kira Babban Kawu, ya ji maganar maganin da ya kusa fitowa. A wajenmu kayan jikin mamaci, wato tufafinsa, takalmansa, Littafinsa Mai Tsarki da takardunsa, ba matarsa ke taɓa su ba. Ana tattarawa a gaban shaidu, a ɗaure, a kai wa babban wa, shi zai buɗe ya raba. Kawu yana da littattafan rubutu talatin da ɗaya, masu baƙin bango, da ya cika da hannunsa. Babban Kawu ya kira ya ce ko shafi ɗaya kada a taɓa, sirrin maganin yana ciki. Kwana uku da binnewa dattawan coci biyu suka zo, aka zuba littattafan da sauran kayan cikin shuɗiyar ganga ta roba, aka sa kwaɗo, aka naɗe bakin da salatif, suka sa hannu a kai. Aka ajiye ta a gareji tana jiran mai kwantena da zai zo ƙarshen wata.

Washegari shugabar ɗakin binciken ta zo gaisuwa. Farfesa ce, ba ta wuce shekara arba'in ba. Ta ga takalma a bakin ƙofa, ita ma ta cire nata. Ta same ni a kicin ta tambaye ni da Turanci ko akwai wanda ke iya karanta yaren Kawu. Na ce ni. Sai ta yi mini bayani. A ɗakin nasu akwai firiza ɗaya cike da ƙananan kwalabe, ruwan da Kawu ya tace daga soso iri-iri tsawon shekarunsa. Kowace kwalba lamba ce kawai a jikinta da rubutunsa. Wane soso ne, daga ina aka ciro shi, me aka gani da aka gwada, yawancin wannan yana cikin baƙaƙen littattafan, don takardun ofis na da sun tarwatse lokacin da aka sauya gini. Yanzu akwai na'urorin gwaji da babu su a zamaninsa, tana so a sake duba kwalaben. Amma kwalbar da ba a san asalinta ba, ba ta da amfani. Ƙarshen zangon karatu za a kwashe ɗakin a gyara shi, duk abin da ba a san ko mene ne ba za a ƙone.

Wato aikinsa na rayuwa yana firiza a cikin gari, abin da zai ba shi ma'ana yana ganga a gareji, kuma ganga za ta hau jirgin ruwa. Shi ya sa nake son ku san ko wane ne shi.

Ran da ya fara kai ni wurin aikinsa ina sabuwar zuwa, ban ma iya Turancin nan na hanci ba. Ya ciro wani abu daga firiza mai kama da dunƙulen tuwon da ya kwana, ya ajiye a faranti. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyarsu, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, gaishe ta. Dabba ce."

"Dabba? Ina bakinta?"

"Ba ta da shi. Ba ƙafa, ba haƙori, ba farce. A jikin dutse take zama a ƙarƙashin ruwa, shekaru, ba ta motsi. Kifi na wucewa da yunwa, ba ya taɓa ta. Me ya sa?"

"Don tana wari."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce na fi wasu ɗalibansa. Ya ce tunda ba ta iya gudu, Allah ya ba ta guba iri-iri a jikinta, wata ita ke haɗawa, wata ƙananan halittun da ke zaune cikinta ne ke haɗa mata. Gubar da ke hana wani abu ya tsiro a kanta, wataƙila ta hana ƙwayar ciwo yaɗuwa a jikin mutum. Ya ce akwai magungunan da ake ba marasa lafiya yau waɗanda asalinsu daga soso aka fara gano su. Aikinsa shi ne ya niƙa, ya jiƙa a sinadari, ya raba ruwan kashi-kashi, a ɗiga kowane kashi a kan ƙwayoyin ciwo a ɗan faranti, a jira a gani.

"Naka ya yi?"

"Bai yi ba tukuna."

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun ba a haife ki ba."

Na kalle shi kamar mai taɓin hankali. Ni mutum ce da ba na iya jiran ruwa ya tafasa. Yanzu ma a wani sito nake aiki, ina cusa kaya a kwali, kuma ina son aikin don kana gama kwali ka ga ka gama.

Mutumin da ya tashi cikin duwatsu, bai ga teku ba sai da ya haura talatin, kuma har ya mutu bai iya iyo ba. Amma duk shekara idan masu nutso za su fita ciro soso, sai ya tuƙa mota awa uku da wani abu zuwa gaɓar teku ya bi su. Ba dole aka yi masa ba, ana iya kawo masa a ƙanƙara. Da jirgin ya tashi yake fara amai. Sun gaya mini yakan tsaya da bokiti a hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun, rigar ceto ta shaƙe masa wuya. Ya ce dole ya ga soson a lokacin da ya fito daga ruwa, don launinsa na sauyawa kafin a kai gaɓa, warinsa ma haka. Takardar ofis ba ta da gurbin rubuta wari. Shi ya sa ya buɗe nasa littattafan, kuma da Hausa yake rubutawa, don ya ce Turancinsa ba shi da hanci. Kowane soso ya raɗa masa suna: mai warin daddawar Zinder, kunnen jaki, hantar da ta kwana, fatar gwaza, surukar Fasto. Wannan na ƙarshen ja ne mai ƙaiƙayi, duk wanda ya taɓa shi sai ya wuni yana susa. Farfesa ta ce sun taɓa ɗaukar hoton shafi ɗaya suka ba na'urar fassara, abin da ta fitar musu ya sa suka ɗauka girki yake rubutawa.

A gida ma haka yake. Duk robar miya da ke firizar Anti sai ya manna mata takarda da kwanan wata. Anti takan ce, "Baban yara, miyar kuka ce, ni na dafa ta, na san ta." Ya ce, "Yau kin san ta. Bayan wata uku fa?" Idan ka kawo masa labari, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani, ko an gaya maka?" Wannan tambaya ta kashe hira da yawa a bakin coci. Mutane suna son shi, amma ba sa son zama kusa da shi a wurin biki.

Akwai rigimar da kowa ya sani, kuma babu wanda ya ambata ranar jana'iza. Wata dattijuwa a cocinmu, Mama muke ce mata, mijinta ya kamu da ciwon daji. Wata Lahadi bayan sujada ta biyo mu gida, ta ƙi zama a kujera, ta durƙusa a tsakiyar falo da ɗankwalinta na zumuntar mata. Ina tsaye a ƙofar kicin.

"Baba, don girman Allah. Ko cokali ɗaya. Ba zan gaya wa kowa ba."

Kawu ya sauko shi ma ya durƙusa. "Mama, ba ni da magani."

"Kowa ya san kana da shi. An ce akwai wanda ya kashe ciwon."

"A faranti ya kashe. Ruwan wankin banɗaki ma yana kashe shi a faranti. Abin da ke kwalbar nan ko ɓera ban ba wa ba. In na ba mijinki, ban san ko hantarsa zai fara ci ko ƙodarsa ba."

"Ai mutuwa zai yi ko ta yaya! Bar mu mu gwada."

"Ba zan bayar ba."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa. "Ka zama Bature. A gida ko mai saiwar itace ba ya korar mutum hannu banza."

Rabin coci suka daina gaishe shi da fara'a. Aka ce rowa ce, aka ce yana jiran Turawa su saya. Ni ma na ji haushinsa, na ce masa ya ba ta ko ruwan gishiri ne mana ta samu kwanciyar hankali. Ya ce, "Sai ta daina kai shi asibiti, ta zauna tana jiran ruwan gishirina." Abin da ya yi, ya nemi a sauya masa lokacin aiki, kowace Talata da safe ya je East Greensboro ya ɗauki mijin ya kai shi asibiti, ya zauna da shi, ya fassara masa abin da likitoci ke faɗa ba ragi ba ƙari, ya mayar da shi gida. Mama ba ta fitowa ta gaishe shi. Haka aka yi har mijin ya rasu.

A makokin Kawu ita ce ta kama wankin tukwane, ba ta yi wa kowa magana ba. Na je karɓar wata tukunya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Sai bara na yafe masa. Amma duk garin nan shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba."

Tawa rigimar da shi ta fi wannan muni, don ni ba ni da uzurin miji a gadon asibiti. Da ya yi ritaya ya ce yana so a juya littattafan zuwa Turanci kafin idonsa ya gaza. 'Ya'yansa ba sa karanta Hausa, ni ce na yi firamare a gida. Muka shirya duk Asabar da safe ya karanta, in buga a kwamfuta. Asabar ta farko muka yi shafi tara. Ta biyu shafi shida, don ya tsaya yana ba ni labarin wani mai nutso da kaguwa ta kama wa yatsa. Ta uku, yana karanta mini soso na goma sha wani abu, kowanne ƙarshensa "bai yi ba," sai na rufe kwamfutar.

"Kawu, wa zai karanta wannan? Duk faɗuwa ce. Bai yi ba, bai yi ba, bai yi ba."

"Bai yi ba ma labari ne, Uwata. Wanda zai zo bayana ba sai ya ɓata shekara a kai ba."

"Ba wanda zai zo. Kai ma da ka yi aikin tuƙin babbar mota da ka fi haka."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya sa tsinken da yake alama da shi a shafin, ya rufe littafin, ya ce, "To, je ki, kada ki makara a aiki." Bai sake tayar da maganar ba. Ni kuma na ce zan ba shi haƙuri idan na samu lokaci. Bayan wata takwas, da safe yana ba tumatirinsa ruwa a bayan gida, zuciyarsa ta tsaya.

Don haka da Farfesa ta tafi, na ɗauki wuƙar kicin na nufi gareji. Anti ta tare ni a ƙofa.

"Ina za ki da wuƙa?"

"Salatif ne kawai, Anti. In ɗauki hoton shafukan, in mayar, in sake naɗewa. Wa zai sani?"

"Hannun dattawan da ke kai fa? Ke za ki sake sawa?"

"To a ƙone aikinsa saboda salatif?"

"Ki rage murya, akwai baƙi." Ta ja ni cikin garejin ta rufe ƙofa. "Kusan shekara talatin ina wanke rigunan nan masu warin mushen kifi, ke za ki gaya mini darajar aikinsa? Na san babu wani sirri a ciki. Amma can gida sun yarda akwai. In aka ga an taɓa bakin gangar nan, ba ke za a zaga ba. Ni za a ce na cire shafin maganin na sayar. Ni da 'ya'yana ba za mu sake taka ƙauyen nan da mutunci ba, kuma can uwata take kwance."

Na ajiye wuƙar a kan gangar.

"Mutum ɗaya ne zai ce a buɗe," in ji ta. "Ni ba zan iya kiransa ba, matar ƙani ce ni, kuma ina takaba. Ke kina da bakin. Kullum da shi kike yanka mutane. Yau ki yi amfani da shi."

Kwana biyu ina juya wayar. 'Yar ƙanwa ba ta da ta cewa a kayan mamaci, ballantana wadda ba ta yi aure ba. Kuma abin da zan gaya wa tsohon shi ne ƙaninsa da yake taƙama da shi bai yi abin da aka ce ya yi ba. Na kira da safe kafin in tafi aiki, can rana ta yi. Na yi gaisuwar duka, ban tsallake ko ɗaya ba: gajiya, haƙuri, gona, ruwa, ƙafarsa mai ciwo, awaki. Sannan na ce, "Baba, ina da magana, kuma ba za ta yi maka daɗi ba."

"Ke ce mai sunan mahaifiyarmu ko? Ita ma ba ta taɓa kawo mai daɗi ba. Faɗi."

"Babu magani a littattafan nan. Kawu bai gano maganin ciwon daji ba."

Na ji zakara na cara a bayansa. Sai ya ce:

"Matarsa ce ta sa ki?"

"Ita ce ma ta hana ni buɗewa. Da wuƙa na je."

"To abin da aka faɗa a coci fa? Da kunnena na ji."

"Ba gaskiya ba ne, Baba."

"Na riga na gaya wa gari. Hakimi ya aiko gaisuwa saboda wannan." Muryarsa ta yi ƙasa. "To me ya yi a can duk shekarun nan? Bai zo bikin 'ya'yana ba, bai zo binne mahaifiyarmu a kan lokaci ba. Me yake yi?"

Na gaya masa. Na gaya masa dabbar da ba ta da baki, da bokitin amai, da kwalaben da ke firiza, da Mama da ta durƙusa a falo, da Talatocin asibiti. Na gaya masa abin da na faɗa wa Kawu a Asabar ta uku, ban rage ba. Na ce littattafan nan lissafin abin da aka gwada ne, kuma in ba a haɗa su da kwalaben ba kafin ƙarshen zango, za a ƙone komai.

"Tsaya," in ji shi. "Wanda bai yi ba ma yana rubutawa?"

"Shi ya fi yawa. Kusan duka."

Sai na ji wani sauti, na ɗauka tari ne. Dariya ce, irin wadda kuka ke biyo ta.

"Yana yaro, Baba ya ba shi kunya biyu a gefen gona ya shuka masara. Kullum da safe sai ya je ya tone ƙwaya ɗaya ya ga ko ta tsaga, ya zana a jikin bango da gawayi, ya mayar. Baba ya yi masa duka har ya gaji. Masarar ba ta yi ba, ko ɗaya. Amma ya san ranar da kowace ta mutu." Ya ja hanci. "Wannan shi ne ƙanina. Wancan Doktan da aka yi ta faɗa a coci, ina ta saurare, ban gane shi ba. Na ɗauka Amurka ce ta sauya shi."

Ya gyara murya.

"Ji nan. Dattawan da suka ɗaure, su za su kwance, a gaban matarsa, ni kuma ina kan waya. Tufafi su taho da mai kwantena. Littattafan ba za su bar gidan ba, a nan za ki yi aikin. In kin gama, ba a jirgin ruwa za su zo ba. Ke za ki kawo su da hannunki, ki tsaya a gaban dangi ki karanta musu ko shafi biyu ne, ki gaya musu abin da kika gaya mini. Ni ba zan iya komawa in ce wa gari na yi kuskure ba. Ke ce mai bakin."

An buɗe gangar ranar Asabar bayan azahar. Dattijon da ya yi maganar asiri a coci yana cikin masu kwancewa, bai kalle ni ba, ni ma ban ce masa komai ba, kuma Allah ya san wahalar da na sha kafin in yi shirun.

Kawu, ka yi aikinka da gaskiya a inda ba mai ganinka, ka ƙi yi wa mai kuka ƙarya, ka riƙe 'yar ƙanwarka mai kaifin baki kamar ka haife ta. Ubangijin da ka bauta wa ya karɓe ka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba kanka ba. Ya ba Anti ƙarfin zama a gidan nan ba kai.

Ban san ko akwai wani abin kirki a kwalaben nan ba. Farfesa ma ba ta sani ba. Saura mako shida zangon ya ƙare, littattafai talatin da ɗaya ne, rubutunsa kuma kamar tafiyar tururuwa. Jiya na je wurin shugabana a sito na ce ya mayar da ni aikin Asabar da Lahadi kawai. Ya ce in na yi haka, muƙamin shugabar layi da aka yi mini alkawari wata za a ba. Na ce a ba ta. Farfesa za ta riƙa aiko mini lambobin kwalaben, aljihun firiza ɗaya bayan ɗaya, ni in nemo su a littafi a teburin cin abincin Anti, in juya, in aika mata. Na kuma fara neman tikitin gida na Disamba.

Litinin da ƙarfe bakwai zan zauna. Zan yi su duka, har da waɗanda ba su yi ba.